Zuwa ga Aminina, a kan Ajinmu na Manya

Aminina,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara duka. Saƙonka ya iso, na kuma sha dariya da ka ce me ya mayar da ni aji bayan furfura ta kama ni.

Fasto ne ya buɗe ajin manya bayan sujadar Lahadi. Gaskiya na shiga ne don kada a ce babba bai zo ba. Ranar farko ya tambaye mu littattafai nawa ne a Tsohon Alkawari, sai muka yi tsit kamar ruwa ya cinye mu. Wata yarinya da ta shigo kiran mahaifiyarta ce ta amsa daga bakin ƙofa: 39, Sabon Alkawari kuma 27. (Daga baya ma na ji cewa 'yan'uwanmu Katolika suna ƙirga 46 a Tsohon.) Ka ga shekarun da na yi ina zaune a benci ina gyaɗa kai a lokacin wa'azi, ashe tun ajin baftisma ban ƙara zama an koya mini abu daki-daki ba.

Abin da na lura shi ne kunya ce ke cin mu manya. Yaro yakan tambaya kai tsaye, babba kuwa ya gwammace ya tafi gida da duhun kansa. Sai da muka karanta Ayyukan Manzanni sura 8 na ɗan sami sauƙi. A can akwai wani mutumin Habasha, ma'ajin sarauniya ne guda, amma da Filibus mai bishara ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, bai ɓoye ba, ya ce yaya zai gane in ba wanda ya fassara masa. Tun ranar nake ɗaga hannu.

Fasto ya ba mu tarihi kaɗan. A ƙarnukan farko, mai neman baftisma yakan yi har shekara uku ana koyar da shi. Wanda ya fi kama ni shi ne labarin John Wesley, wani mai wa'azi a Ingila. A 1742 aka fara raba mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, kamar mutum goma sha biyu, suna haɗuwa kowane mako, shugabansu yana tambayar kowa halin da ruhunsa yake ciki. Mu ma mun gwada. Ƙirga littattafai abu ne mai sauƙi. Amma a dube ka ido da ido a ce yaya addu'arka a makon nan, ko ka yafe wa wanda ka ce za ka yafe wa, nan ne gumi yake karyowa. Mako biyu na ƙi zuwa saboda tambayar yafiyar nan, sai da wani ɗan'uwa ya biyo ni har gida.

Yanzu muna Wasiƙa zuwa ga Romawa, mun maƙale a sura 7 kusan wata guda, kowa da fahimtarsa. Kai da kake son gardama, da ka ji daɗi. In akwai irin wannan aji a ikkilisiyarku, rubuto mini yadda kuke yi da masu shiru, domin akwai dattijo ɗaya a cikinmu da har yau ba mu ji muryarsa ba.

Ka gaishe mini da mutanen gida.

Ni ne naka,
Amininka