A Saurari Mutanen Dajin Mau Kafin A Yanke Musu Hukunci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in yi tsokaci kan shirinku na muhalli, inda aka nuna kamar mazauna daji su ne ummul aba'isin ƙarewar dazuzzuka a Afirka. Labarin ƙabilar Ogiek ta ƙasar Kenya bai goyi bayan wannan zargi ba.

Ogiek sun daɗe a dajin Mau, wanda daga cikinsa ne kogin Mara da wasu koguna masu malala zuwa tafkin Victoria suke fitowa. Sana'arsu ta gado farauta ce da ɗiban zuma, kuma kowane dangi yana da yankin da yake rataya amyarsa. Wanda cinsa da sadakinsa da bukukuwansa suka dogara ga zuma ba zai sare bishiyar da ƙudan zuma ke shan furenta ba. Duk da haka, tun a shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka suka ƙi amincewa da cewa suna da ƙasa tasu, suka nemi a cusa su cikin manyan ƙabilun da ke maƙwabtaka da su, abin da ya sa har yau harshensu yake ja da baya.

A shekarar 2009 hukumar gandun dajin Kenya ta ba su wa'adin kwana 30 su tashi, wai don a ceto dajin. Maganar ta kai gaban Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a ƙasar Tanzaniya, wadda a watan Mayun 2017 ta yanke hukuncin cewa an tauye musu haƙƙi, ta kuma bayyana cewa abin da ya fi cinye dajin shi ne filayen da gwamnati ta yanka ta raba, da kutsen baƙi, da izinin yankan katako da aka bayar ba bisa tsari ba. A 2022 kotun ta umarci a biya su diyya, a kuma ba su takardar mallakar ƙasarsu ta gado. Abin takaici, a Nuwamban 2023 sai ga jami'ai suna rushe musu gidaje a Sasimwani, wani yanki na dajin Mau.

Roƙona shi ne, duk lokacin da za ku sake tattauna batun daji, ku gayyaci mazaunansa su yi magana da bakinsu, a gefen jami'an gwamnati da masana.

Naku mai sauraro,
daga Zariya.