Wasiƙa ga ɗana da bashi ya taso wa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta sanar da ni halin da kake ciki: kayan da ka saro bashi sun kwanta, farashi ya karye, masu kuɗi sun fara sallama a ƙofar gida, kai kuma barci ya ƙaurace maka. Ta ce ka yi lissafi ta kowace fuska ba ka ga mafita ba. Na yarda ba ka gani ba. Sai dai ƙarfinka kaɗai ka sa a lissafin, da dabararka, da mutanen da ka sani, kuma duk wanda ya tsaya a nan dole ya karaya.

A yaƙin Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira, Musulmi sun kai 12,000. Yawan ya burge su, amma a karon farko suka watse, sai da Allah ya saukar da natsuwa. A Badar kuwa su 300 da 'yan kai ne, aka ba su nasara. Ƙarancin abin da ke hannunka yau ba shi zai yanke hukunci ba.

Labarin da ya fi dacewa da kai shi ne na Jabir ɗan Abdullahi. Mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu, ya bar masa bashi da 'yan'uwa mata, ga dabinon gonar bai kai abin da ake bi ba. Jabir bai ɓuya ba. Ya je wurin Annabi (SAW), aka nemi masu bashi su sassauta, suka ƙi. Sai Annabi ya ce masa ya je ya ware dabinon, kowane iri tsibinsa daban. Ya yi hakan, Annabi ya zo ya yi addu'ar albarka, aka yi ta awo har aka sallami kowa, dabino ya yi saura. Albarkar daga Allah ta zo, amma sai da Jabir ya tara abin da yake da shi a fili.

Kai ma ka yi haka. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunan duk mai binka, nawa ne, da ranar da kuka yi alkawari. A wani shafin ka rubuta kayan da ke shago da kuɗin da za su yi a farashin yau, ba farashin da ka saro ba, da kuma abin da kake bin wasu. Bashin da ba a rubuta ba a kai yake kumbura, musamman da dare.

Daga nan ka kunna wayarka, ka taka da ƙafarka wurin kowannensu kafin ya zo. Ka fara da wanda ya fi binka, ka tafi da dattijo ɗaya daga layinku wanda ake jin nauyinsa. Ka nuna takardar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ɗan kasuwa ya san asara, ɓuya da ƙarya ne ke fusata shi. Kada ka yanke ranar da ba za ka iya cikawa ba don a rabu da kai. Ƙaramin adadi duk mako wanda ba ya tsallakewa ya fi babban alkawari da zai karye, domin in ka saɓa sau ɗaya ba mai sake sauraronka. Abin da aka daidaita a rubuta da shaidu biyu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umurci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, don haka neman jinkiri ba abin kunya ba ne.

Abu biyu na hana ka. Kada ka ci bashin ruwa, ko na waya ko na mutum, don toshe wani bashin. Haramun ne, kuma ruwan yana hawa da saurin da ribar shago ba ta kamo shi. Kada kuma ka je wurin mai cewa zai buɗe maka kasuwa in ka kawo rago ko turare. Ka sayar da abin da ba sana'a yake yi maka ba, amma ka bar jarin da zai juya da abincin gida.

Batun dare: ka kwanta bayan Isha'i. Daga Magariba zuwa Asuba ka raba uku, kason ƙarshe shi ne lokacin da aka fi amsa addu'a. A nan ƙasarmu yakan fara wajen ƙarfe ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba sai ka raya shi duka ba, tashi ƙarfe huɗu ya isa. Ka yi raka'a biyu ko huɗu da wutiri, a sujada ka faɗi sunayen masu binka da adadinsu. Ka riƙe addu'ar da Sayyidina Ali ya koya wa wani da ake bi bashi: Allahummak fini bi halalika an haramika, wa agnini bi fadlika amman siwaka. In za ka fita ka ce Bismillahi tawakkaltu alallah, la haula wa la ƙuwwata illa billah. Kuskuren da ake yi shi ne a yi kwana uku ana addu'a, in kuɗi bai zo ba a bari. Sau da yawa natsuwa ce ke fara zuwa, da ita mutum ke iya zama gaban mai binsa ya yi magana mai kan gado. Kuma ya inganta daga Annabi cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa, don haka ka tsare niyyarka.

Ka gaya wa matarka gaskiya, ita za ta san inda za a rage cefane. In rashin barci da ƙin abinci suka wuce mako biyu, ko zuciyarka ta fara raya maka cutar da kanka, ka kira ni a take, mu je asibiti tare. Ganin likita yana cikin riƙo da sababi. Baffanka zai zo ranar Asabar ya raka ka wurin na farko, ka shirya takardar kafin ya iso.

Allah ya yaye maka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.