Zuwa ga Malamin da ya tambaye ni ko nawa 'yan bet suka biya ni

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali.

Na ga tambayarka, kuma ba ni kaɗai na gani ba tunda a bainar jama'a ka ga dama ka yi ta, alhali lambata tana wayarka shekara da shekaru. Ka ce wai tunda na yi rubutu a kan yadda za a taimaki wanda caca ta kama, to in fito in faɗa wa mutane nawa kamfanonin bet suka biya ni in halatta musu haram, sannan ka rufe da cewa "ko da yake ba abin mamaki ba ne, ai tsohon ɗan hannu ne". Na kwana biyu ina cewa ba zan tanka ba, amma wannan ta ƙarshen ta ƙi barina in yi barci.

Maganar kuɗi ba za ta ci mana lokaci ba. Ba wanda ya ba ni ko sisi, su ne ma suka ci nawa. Batun halattawa kuma, ka koma ka karanta rubutun a nutse in ka samu sarari tsakanin raddi da raddi, ba inda na ce caca halal ce. Aya ta 90 da ta 91 a Ma'ida ba kai kaɗai aka saukar wa ba, mu ma mun karanta.

To mu zo kan tsohon ɗan hannu. E, ni ne. Shekara huɗu na yi a ciki, kuma ka san haka ne saboda ni na faɗa maka da bakina a lokacin da nake neman wanda zai riƙe ni, ban san ajiya ka yi ba sai ranar da za ta yi maka amfani. Har yanzu ina tuna amsar da ka ba ni ranar, ka ce in ji tsoron Allah in daina. Gaskiya ka faɗa wallahi, amma Malam a daren nan ma sai da na buga. Ƙarfe biyu na dare ina zaune a banɗaki don kada matata ta ga hasken waya, tikiti mai wasa tara, takwas sun shiga, saura ɗaya a wata ƙasa da ko sunan kulob ɗin ban iya faɗa ba, ina ta jan allon waya ƙasa da yatsa kamar hakan zai sa su ci. A minti na 88 ya yanke. Abin da na ji a raina ba "na yi asara" ba ne, "saura kaɗan" na ji, kuma kafin in tashi daga wurin na haɗa wani. Tsoron Allah ina da shi a lokacin, ina sallah ina kuka, hannuna ne ya ƙi bin umarnina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan "saura kaɗan" ɗin ba rashin tarbiyya ba ne kawai, abu ne da aka yi nazarinsa. Tun zamanin B.F. Skinner, wani masanin halayya ɗan Amurka da ya yi gwaje-gwaje da tantabaru, aka gane cewa tantabarar da ake ba hatsi ba bisa tsari ba, wani lokaci ta samu wani lokaci ta rasa, ita ce ta fi nacin sarar maɓalli. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa caca cikin littafinsu na cututtuka tun 1980, a 2013 kuma suka ɗauke ta suka ajiye a babi ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana lissafa ta a matsayin cuta. Har wasu magungunan cutar Parkinson da ke taɓa sinadarin dofamin na ƙwaƙwalwa an ga suna jefa dattawan da ba su taɓa caca ba cikinta. Kai da kake ja min aya, ba ka lura ba ne cewa a Baƙara 219 da Ma'ida duka, giya da caca tare aka ambace su? In ɗan maye ya zo maka yana rawar jiki ai ba za ka ce "daina" ka juya ba, asibiti za ka nema masa. To me ya sa ɗan caca shi nasa rabon tsinuwa ce kawai?

Kuma da ka karanta da kyau da ka ga ni da kaina na fi ka jin haushin kalmar nan ta "yi caca cikin hankali" da suke maƙalawa da ƙananan haruffa a ƙasan talla. Kamfanin da ya turo maka bonas ƙarfe ɗaya na dare shi ne kuma zai ce ka yi hankali, wato in ka halaka laifinka ne. Lissafin tun farko ba naka ba ne. Faifan rulet na Turai, wanda ake juyawa a gidajen caca, ramuka 37 ne amma ninki 35 ake biya, ka ga kashi 2.7 cikin ɗari na mai gidan cacar ne ko ana ruwa ko ana rana. Tikitin ƙwallo ya fi muni, a ce kashi 5 suke cirewa a kowane wasa, in ka jera wasa goma abin ya kai wajen kashi 40. Yanzu wannan bayanin ne kamfani zai biya ni in yi? To lallai sun yi asarar kuɗinsu.

Abin da na ce a yi shi ne dai zan maimaita. Mutum ya yi wa kansa tambaya biyu, shin na taɓa yi wa na kusa da ni ƙarya a kan yawan abin da nake bugawa, kuma shin ina jin sai na ƙara kuɗi kafin in ji daɗin da nake ji a da? In ɗaya ta zama e, to kada ya jira sai an zo ɗaukar kayan ɗaki. Ya faɗa wa mutum ɗaya da ba zai tona shi ba, ya miƙa katin banki da lambar sirri ga wani na ɗan lokaci, ya nemi a rufe asusunsa rufewar da shi kansa ba zai iya buɗewa ba, don goge manhaja kawai wasa ne, ni na goge ta ya fi sau ashirin. Ya rubuta bashinsa kaf a takarda ko da ganin jimlar zai sa shi zufa, ya ga likitan ƙwaƙwalwa, musamman in tunanin kashe kai ya fara zuwa masa, wannan kam ba a kwana da shi. Kuma ya haƙura da ramuwa. Kuɗin nan sun tafi, neman dawo da su ne ya fi cin mutane a kan cacar farko.

Wasu wuraren sun daɗe da gane haka. Ƙungiyar Gamblers Anonymous tun 1957 aka kafa ta a Los Angeles, 'yan caca ne ke zama suna riƙe juna, iyalansu ma suna da tasu, Gam-Anon. A Birtaniya akwai GamStop, ka sa sunanka sau ɗaya a toshe ka daga duk kamfanonin intanet masu lasisi na wata shida ko shekara ɗaya ko biyar, kuma tun Afrilun 2020 suka hana caca da katin bashi. Sandro Tonali, ɗan ƙwallon Italiya da aka dakatar wata goma a 2023 saboda caca, fitowa ya yi ya amsa cewa abin ya kama shi, aka haɗa hukuncinsa da magani, ya dawo fili. Ba su halatta masa komai ba, ba su kuma jefar da shi ba.

Mu kuwa abin da muka iya shi ne ihu bayan hari. Yaro zai shekara uku yana nitsewa kowa ya yi shiru, ranar da ya sayar da abin da ba nasa ba sai kowa ya zama mai wa'azi. Masu barkwanci da masu dubban mabiya suna raba lambar bonas dare da rana, ban taɓa ganin ka yi wa ɗaya daga cikinsu tambaya a fili ba Malam, wataƙila don mabiyansu sun fi nawa yawa kuma sun fi nawa baki. Ni da na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ni ne mai sauƙin duka.

Ka san abin da tambayarka ta jawo? Akwai wani yaro da muka yi sati uku muna magana, har ya yarda zai faɗa wa yayansa a ƙarshen makon nan. Daren da ka yi rubutunka ya turo min hoton abin da ka rubuta, ya ce "ka ga abin da nake tsoro ko", tun daga nan bai sake ɗaga wayata ba. Ina ci gaba da kira. In ya ɗaga zan ce masa ba kowane babba ne yake haka ba, kuma ina fatan ba ƙarya zan yi masa ba.

Lambata dai ba ta canza ba.

Wassalam,
ƙaninka, tsohon ɗan hannu.