Tinariwen ba su yi sanyi ba, girma ne ya zo

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in nuna ɓacin raina game da maganar da mai gabatar da shirinku na rediyo na daren Asabar ya yi, cewa wai 'yan Tinariwen, ƙungiyar mawaƙan Buzaye daga arewacin Mali, sun yi sanyi tun daga faifan Tassili na 2011, saboda sun jingine jitar lantarki sun rungumi ta katako. Ina kyautata zaton bai saurari faifan har ƙarshe ba, domin wanda ya saurara ba zai furta haka ba.

Ni ba a rediyo na san su ba. A wajen wani Buzu mai gadi a layinmu na Fagge na san su, wanda kowane dare yakan hura gawayi, ya ɗora 'yar butar shayinsa, sannan ya saka wani kaset da aka yi ta kwafa har sautin ya dushe. Shi ya ba ni labarin jagoransu, Ibrahim Ag Alhabib, wanda yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a gaban idonsa lokacin tawayen 1963 a Mali, kuma da gwangwani da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kiɗan cikin kaset ɗin na samari ne masu gudun hijira a Aljeriya da Libiya, jini na tafasa, kowa yana so a ji hannunsa.

A Tassili kuwa, wanda suka ɗauka a hamadar da ke kusa da garin Janet a kudancin Aljeriya, mutanen nan sun koyi haƙuri da juna. Jita ɗaya takan yi magana sauran su ja baya, tafi da ƙwarya su riƙe tafiyar ba tare da gaggawa ba, muryar Ibrahim kuma ta yi ƙasa kamar ta dattijon da ya san ba sai ya ɗaga murya za a saurare shi ba. Wannan natsuwa ce mutuminku ya kira gajiya, kuma ko a kuskure bai ambaci cewa faifan ya ci kyautar Grammy a 2012 ba.

Sannan don Allah ku duba yadda kuke yanke waƙa a tsakiya domin tallan maganin basir. A daren nan sau uku aka yi haka cikin waƙa ɗaya, har na haƙura na kashe rediyon.

Naku mai sauraro,
daga Fagge, Kano.