Sanarwa: Tarihinmu na Agege

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyaye da yayye.

Albishirinku! Ɗiyarmu da ke karatu a sashen tarihi na Jami'ar Legas, can Akoka, ta kare binciken digirinta na biyu lafiya. A kan Hausawan Ikko ta yi shi, musamman fataken goro na Agege.

Na ɗan leƙa rubutun jiya bayan isha'i, wallahi na ƙaru. Ashe tun 1863 Bature Glover ya ɗebi Hausawa ya kafa ƴar rundunarsa a nan Legas, wadda daga ita sojan Najeriya ya samo tushe. Kun ga ke nan muna nan tun kafin jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Wasunmu kuwa har yau gani suke jiya muka sauka daga tirela.

Malamanta sun ce ta faɗaɗa aikin. Don Allah duk mai tsohon hoto, wasiƙar ajami ko rasiɗin goro a ƙasan adaka, ya ɗauka da waya ya turo mini. Kada a kawo takardar kanta.

Baba Alhaji, kai za ta fara ziyarta ranar Asabar, in Allah ya kai mu.