Sanarwa kan maganar mutum da manyan birai

Salam ƴan uwa, don Allah masu ta muhawarar nan kan cewa wai mutum daga biri ya fito, a tsaya a gyara bayani tukun. Masana ƙwayoyin halitta ba su ce cimfanzi ne kakanmu ba fa, cewa suka yi DNA (sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta) ɗinmu da na cimfanzi da bonobo (wani babban biri mai kama da cimfanzi) sun yi kama da kusan kashi 98.8 cikin ɗari, na gorila wajen 98, kuma tun 2005 aka fitar da jerin DNA na cimfanzin. Mu kromosom (ƙunshin da DNA ke ciki) 46 gare mu, su manyan biran 48, biyu ne suka haɗe suka zama kromosom mai lamba 2 a jikinmu, nan ne ni abin ya fi ɗaure min kai wallahi. A ci gaba da tattaunawa amma banda zagi, duk wanda ya zagi wani za mu cire shi.