Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Tare Ruwan Masallacinmu Kafin Damina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata.

Duk mai sallah da mu ya ga halin da muka shiga a bazarar da ta wuce. A kunna injin burtsatse, ya ɗan tsiyayo, ya ɗauke. Sau nawa Ladan ya aiki yara su taro mai kura a sayi jarka kafin Azahar? Ɗaliban Islamiyya kuwa kowa da butarsa daga gida. Duk da haka famfunan wurin alwala suna ta ɗiga dare da rana. Ɗaya ma da robar tayar keke aka ɗaure shi, ƙasansa har gansakuka ta fito.

Wasu sun ce a haƙa sabon burtsatse. Kwamiti ya zauna, ya ga ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan da muke zuƙowa a tsagoginsa yake kwanciya, kuma ruwan sama ne ke mayar da shi. To ga shi kowane layi an haƙa, kududdufan da muka taso muka gani an cike su an yi gini, tsakar gida duk siminti. Ta ina ruwan zai nutse? Tun 1974 ake da madatsar Tiga, ga matatun Challawa da Tamburawa, amma gari ya yi nisa ya wuce inda bututu ya tsaya.

Shi ya sa muka ce mu fara da wanda Allah yake sauko mana da shi kyauta. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ne cif. Ku ɗaga kai ku dubi faɗin rufin masallacin nan da na azuzuwa, ku tuna ruwan Agusta. Duk a kwata yake ƙarewa, har ya hana mutane wucewa. Muna so a kewaye rufin da indararo, a haɗa shi da manyan tankuna masu murfi, na alwala da wanke banɗaki. Ruwan farko mai ƙurar kwano za a bar shi ya zube. Sai a canza kawunan famfo, a ja ruwan alwala zuwa gindin darbejiyoyin harabar, ragowar ya faɗa rami mai tsakuwa ya koma ƙasa.

Ba baƙon abu muka kawo ba. Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, da sa'i yake wanka. Mu kuwa sai mu saki famfo muna gaisawa. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, har yau ana ambatonsa da ita.

Ba sai mai tanki guda ba. Buhun siminti, sandar bututu, kan famfo ɗaya, duk muna so. Masu gyaran famfo da magina, yini ɗaya na aikinku ya fi mana kuɗi. Maza su ga Ma'aji bayan Magariba, iyayenmu mata su ba malamar ajin matan aure. A karɓi rasit, don Allah, ko da mutum ya ce saboda Allah ya bayar. Duk Juma'a za mu liƙa lissafi a allon ƙofar masallaci.

Masu aiki sun ce sai an ɗaura indararo kafin ruwan farko ya sauka.

Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan magabata.

Kwamitin Masallaci da Islamiyya